Gilashin Shagon Mode

Mode mai hoto ya yi shekaru a bakin kasuwar Goronyo yana wanke wa mutane hotunan biki da na suna. Mutum ne mai saurin hannu, mai saurin fushi kuma. Tun da tsohuwar kwamfutarsa ta mutu ya sayo sabuwa daga Sakkwato, zama ya gagare shi. Ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo ya harari abar.

Komai an sauya masa wuri. Maɓallin da ya saba dannawa a kusurwa ya ɓace, sai wasu akwatuna masu launi sun cika fuskar kwamfutar. Injin buga hoton ma ya ƙi jin maganarta. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne gilashinta yana jin taɓi, mutanenmu kuwa ba su iya nuni ba sai sun dangwala yatsa. Mai albasa zai ce ga ƙanena nan, ya dangwala, hoton ya zille. Mode ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Ya rantse wa maƙwabcinsa tela cewa in abin bai daidaita ba zai rufe shagon ya koma fadama, kuma da gaske yake.

Wata ranar kasuwa Inno, wata tsohuwa daga Taloka, ta shigo ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa ɗan katin ajiyar hotuna na waya. Hoton ɗanta Sa'adu take so, masunci ne, ruwa ya ci shi bara kuma ba a ga gawarsa ba. Mode ya gaya mata inji ba ya bugawa, sai dai ta gani da ido. Ta ce ta yarda.

Ya sa katin a kwamfutar. Fuskar Sa'adu na fitowa ta kai hannu ta shafi kumatun yaron. Hoton ya sulale gefe, na wata amarya ya maye gurbinsa. Mode ya dawo da shi, ta sake shafawa, ya sake tafiya. Faɗan ya zo masa har wuya, ya haɗiye.

“Ko nan ma ba shi zamna man,” in ji ta, ta janye hannunta.

Tausayi ya kama Mode, da kunya. Ya waiga, ya ciro babban firam na hoto daga bango, ya zare gilashinsa ya riƙe a gaban fuskar kwamfutar, ya bar ɗan tsakani.

“Taɓa shi, Inna. Ba ya zuwa ko'ina.”

Ta shafa goshin, ta shafa kunnen, tana yi masa addu'a a hankali. Hoton bai motsa ba. Tela ya leƙo ya tambaye shi ko yau ce ranar rufe shagon. Mode bai ko juyo ba, ya ce ya ba shi wuri, aiki yake yi. Hannuwansa sun gaji, amma bai sauke gilashin ba.