Taku Goma Sha Ɗaya da Hajiya Aina'u Ta Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 20 ga Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Aina'u Muhyiddeen a gidanta da ke Ɗorayi, tana da shekara sittin da uku, bayan gajeriyar rashin lafiyar da ko labarinta ba mu ji ba. Ina tsaye a ƙofar kamfaninmu na jimar fata a Challawa, ina jiran adaidaita sahun da ke kawo ta duk Laraba, sai ga wayar 'yarta Kausar. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: kafin baƙin ciki ya iso, tsoro ne ya fara kama ni.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Hajiya 'yar gidan malamai ce. Ta sauke Alƙur'ani kafin ta shiga makarantar koyon jinya, daga nan ta ƙware a kan jinyar masu taɓin hankali, ta koma jami'a ta karanci halayyar ɗan Adam. Shekara ashirin da takwas ta yi a asibiti. Da ta yi ritaya, maimakon ta zauna ta huta da jikoki, sai ta kama ɗaki ɗaya a bayan wani kemis a Sharaɗa, ta ajiye benci da fanka, ta ce leburorin kamfani ma suna da zuciya.

Wannan benci bai taɓa tambayar kowa daga ina yake ba. Na zauna a kansa tare da Bazabarme mai lodin buhuna a Bompai, da wata Kirista mai naɗe alawa wadda mijinta ya rasu, da direban tirela na Dakata da ƙwaya ta kusa gamawa da shi. Akwai wani kurma da suke magana da ita a takarda, su cika shafi. Zabarmancin Hajiya kuwa, Allah Ya jiƙan ta, abin a riƙe ciki ne, ita ma ta sani, amma ba ta fasa ba. Kowa Malam ne a bakinta, ko da rigarsa na warin ɗanyar fata.

Ni Mamman Gali, mutumin Ringim, na je wurinta ne ba da son raina ba. Watanni bakwai da suka wuce, injin kankare fata ya fizgi hannun rigar abokin aikina Sagir, muna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Kafin a kashe wuta aikin gama ya gama. Tun daga ranar, in na ji ƙarar injin nan sai ƙirjina ya toshe, gumi ya keto mini. Har injin niƙan unguwarmu a Panshekara sai na zagaye shi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ragwanci. Foman ɗinmu, Malam Uba, wanda ba ya magana sai da tsawa daga bakin ƙofa, ya ce mini a gaban jama'a matsoraci ba shi da wuri a kamfani. Manaja ya tausaya ya ba ni shara a harabar waje, ya ce zuwa ɗaya ga Satumba ko in koma kan injina ko in bar wa wani wurin. 'Ya'ya huɗu gare ni.

Hajiya, ranar farko na zo muku da gorar rubutu a aljihu ina ɓoye ta, na ɗauka za ku yi mini dariyar 'yan boko. Kuka hango ta kuka ce, "Malam Mamman, sha rubutunka, ka riƙe azkar ɗinka. Sannan ka zauna mu yi namu aikin." Kuka ce ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba, jiki ne ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya ƙi mantawa. Ban taɓa jin wanda ya faɗa mini haka ba, na yi kuka kamar ba magidanci ba.

Kun nemi izinin manaja kuka riƙa zuwa har kamfani. Daga ƙofar zauren injina zuwa inda Sagir ya faɗi taku arba'in ne, ku kuka ƙirga da ƙafarku. Duk Laraba mu shiga tare, in yi tafiya har inda numfashina ya sarƙe, mu tsaya a nan. Ba ku taɓa ja na gaba ba, ba ku kuma taɓa bari na gudu ba. Sai ku ce in ja numfashi a hankali, in faɗi abu biyar da nake gani, har zuciyata ta lafa. Sannan ku ciro farin alli a jaka ku ja layi a jikin bango, tunda daɓen kullum a jiƙe yake. Wani makon taku uku, wani makon ko ɗaya babu, ku ce shi ma aiki ne. Akwai wasu layuka na shuɗin alli a bangon, na ɗauka na masu gyaran wuta ne.

Layina na ƙarshe yana kan taku ashirin da tara. Saura goma sha ɗaya, kuma su ne mafi muni, domin daga nan ana ganin bakin injin yana juyawa. Tun ranar da kuka rasu nake ƙirga su a zuci, in kai na shida in kasa ci gaba. Ina tsoron in shiga in faɗi a gaban mutane. Ina tsoron in ƙi shiga in koma gida in dubi matata Fiddausi da yara. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kada ya zama ba ni ne na yi takun nan ashirin da tara ba, tsayuwarku a gefena ce ta yi su.

Ranar sadakar uku, ina zaune a tabarma a ƙofar gidanku, sai ga Malam Uba. Na yi mamaki, ban san ya san ku ba. Ya zauna kusa da ni. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Mamman, shuɗin allin nan nawa ne. Ran Asabar take zuwa mini." Shi ne ya zaro Sagir daga injin. Layinsa yana bayan nawa da taku uku. Wata bakwai ina jin haushin tsawar mutumin nan daga bakin ƙofa, ashe shiga ce ba ya iyawa. Ku kuwa kun san mu duka biyu, ko da wasa ba ku taɓa tona asirin ɗayanmu ba.

Kafin mu tashi Kausar ta aiko mana da ƙullin leda da ta samu a jakarku. Guntayen alli ne, fari da shuɗi da wasu launuka uku da ba mu san masu su ba.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Aina'u, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta. Yadda ta tsaya kusa da bayinKa a lokacin firgicinsu, Ka amintar da ita daga firgicin kabari da na ranar tsayuwa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Alhaji Muhammad Nazir, da Kausar da 'yan uwanta, da duk wanda ya taɓa zama a kan bencin nan na Sharaɗa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya jiƙan Sagir shi ma.

Mai karatu, in ka gama yi mata addu'a ka ɗan rage mana. Jibi Litinin, ɗaya ga Satumba, ƙarfe takwas na safe, ni da Malam Uba za mu shiga zauren nan, kowa da allinsa a aljihu. Na ce masa zan dawo baya taku uku mu fara daga layinsa. Wallahi tsoro nake ji, shi ma haka ya ce mini.