Rajistar da Aka Yi a Kasuwar Gangara

Ranar Litinin ce, ƙarfe tara na safe, damina ta kusa faɗuwa. Mu huɗu ne a buro, wato ofishin ƙungiyar manoma a Agiye: shugabanmu, wani maigari daga yankin Gazawa, jami'inmu mai zagaya ƙauyuka yana rajistar manoma, sai ni mai kula da kwamfuta.

Maigari ya zo ne da ƙorafi. An raba irin gero, ƙauyensa bai samu ko tiya ɗaya ba.

Jami'in ya nuna ni da makullin baburinsa. "Ranka ya daɗe, ni na rubuta su. Injin wannan ne ya haɗiye su. Shi da ya saba karanta labarai a rediyo, ina ya san manomi?"

Har maigari sai da ya dara. Shugaba ya ce in sunayen ba su fito ba zuwa Alhamis, wani zai nemo ya zauna kujerata.

Na koma kan kwamfutata. Na san shafin da shugaba ke dubawa sunan manomi da ƙauyensa kawai yake nunawa. Wanda ya yi rajistar da ranar da ya yi ta suna can cikin wani jadawali dabam, lamba ce kaɗai ke haɗa su. Na yi wuni biyu ina gyara shafin, har kowane suna ya riƙa janyo bayanansa daga wancan jadawalin. Ina iya kiran jami'in gefe in nuna masa abin da ya fito. Ban ga dama ba.

Ran Alhamis na roƙi a sake kiran maigari, na juya allon kowa ya gani. Sunayen mutanensa na nan, amma duk an sa su ƙarƙashin Gangara, can irinsu ya tafi. Hannu ɗaya ya rubuta su, rana ɗaya, ranar kasuwa.

Maigari ya matso da fuskarsa kusa da allon, sannan ya juya ga jami'in. "Af! Ashe kai ne mai zama rumfar mai shayi da takardu, kana tare duk wanda ya zo cin kasuwa? Mu fa ba mu taɓa ganin ƙurar baburinka ba."

Jami'in ya ce, "Hanyar ce akwai rairayi, baba."

Na ce, "In karanto sauran ƙauyukan da aka yi wa haka? Karatu dai na iya."

Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, da muryar labaran rana, ban tsallake ko guda ba.

Mako na gaba aka karɓe baburin aka ba wani, aka kai wa ƙauyen irinsu kafin ruwan shuka.