Yadda Mai Guduma Ya Hana Garinsu Titi

In ka tsaya a gindin dutsen ka ɗaga kai, sai hularka ta faɗi kafin ka hango garin. Gidaje ne kamar sittin maƙale can sama, sai ka ce an watsa su da hannu an manta. Mota iyakarta gindi, ta juya. Daga nan sai ƙafa: sa'a uku ga mai ƙarfi, wuni guda ga tsoho ko mai ciki. Duk abin da ka gani a garin nan, daga kwanon rufi har allurar ɗinki, a kan mutum ya hau ko a bayan jaki.

To, wannan hanyar da ake bi, mutum ɗaya ne ke riƙe da ita. Mai Guduma ake ce masa, har jikokinsa ma haka suke cewa in ya ba da baya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa biyu na hagu sun lanƙwashe tun ranar da wani dutse ya murƙushe su. Ba wanda ya naɗa shi. Ya taso ya ga ubansa yana yi, da uban ya kwanta dama sai ya ɗauki gudumar da dogon ƙarfen ɓanɓarar dutse ya sauka. Shekara talatin da huɗu ke nan.

Aikinsa yana da ƙa'ida. Ba ya shimfiɗa dutsen taki a kwance, sai ya ɗan karkata shi ciki, don in ƙafa ta zame mutum ya faɗa jikin dutse, ba cikin kwazazzabo ba. Kowane taki goma sai ya yanka wa ruwa 'yar hanyarsa, yana cewa ruwa in ba ka nuna masa ƙofa ba zai fasa tasa. Kuma ba ya barin dutse sai ya hau ya yi tsalle uku a kai. Mata in sun wuce da kaya su kan tsaya su yi ta dariya.

"Baba, rawa kake ba kiɗa?"

"Wuce, ke dai. In ni na faɗa, ni kaɗai za a kwaso. In ke ce, da ke da buhu da goyo."

Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa mata uku duk aure ya saukar da su ƙasa, sai Auta kaɗai ya rage masa, da matarsa da 'ya'yansu uku, duk a gida ɗaya. Auta manomi ne na gaske, dankali da kabeji har sai an rasa wurin ajiya, amma rabin abin da ya noma a ɗaki yake ruɓewa, domin jaki buhu biyu yake ɗauka a rana. Wata safiya, suna tsaye kan tarin kabejin da ya fara wari, ya ce wa ubansa ba tare da ya dube shi ba, "Baba, an ce bana za a sake zuwa duba hanya. In ba a ba mu titi ba, zan sauka da iyalina. Na gaji da noma wa ƙuda."

Tsohon ya ɗauki gudumarsa ya fita. Ya san Auta ba ya magana biyu.

Sau biyu hukuma ta taɓa turo mai duba hanya. Duk sau biyun abu ɗaya aka yi. Mai gari ya sa a yi shela, gari ya fito kwansa da kwarkwatarsa, Mai Guduma yana gaba yana ba da umurni, a kwana tara ana fasa dutse ana cike rami, don kada baƙo ya zo ya ga tsiraicinsu. Ranar zuwa a ɗora baƙon kan jakin da ya fi kowane hankali, mutum biyu suna riƙe da shi, ɗaya yana masa laima. Na biyun har cewa ya yi, "Kai, hanyarku ta fi ta wasu garuruwan ƙasa kyau." Ranar nan Mai Guduma sai da ya ji hularsa ta yi masa kaɗan don daɗi.

Malamin makaranta ne ya tono asirin. Ya sauka birni neman bencin yara, wani akawu mai kirki ya buɗe masa fayil ɗin garinsu, malamin ya kwafo abin da ya gani. Da la'asar, a ƙofar gidan mai gari, ya karanta wa jama'a. Takardar farko: "Hanya tana biyuwa. Mutanen gari suna kula da ita da kyau. Ba gaggawa." Takarda ta biyu, bayan shekara goma sha biyu, da hannun wani mutum dabam, kusan kalma kan kalma.

Mai Guduma ya ce, "Sake karantawa."

Aka sake.

Mai Guduma ya miƙe tsaye. "Wato ni ne? Ni na hana mu titi? Garin da ya bar hanyarsa ta ruɓe an kai masa kwalta, ni da na ba dutsen nan yatsu biyu, ladana ke nan? Ba gaggawa! Uban wa ya ce ba gaggawa? Gawa nawa muka sauke a kan ƙyauren ɗaki kafin a kai asibiti?"

Mai gari ɗan kawunsa ne, tare suka yi wasan ƙasa, kuma tsakaninsu ba a rabuwa da tsokana. Ya gyara zama ya ce, "Zauna, bawana, kada jijiya ta tsinke maka. Saura kwana goma sha biyu baƙon ya zo. Jibi za a fito aiki."

"Wane aiki?"

"Aikin hanya mana. So kake baƙon hukuma ya zo ya tarar da mu kamar birai? A je a ce garina ne ba ya takuwa?"

"Kai, rawanin nan ya matse maka kai! Yanzu fa aka karanta maka. Ranar wanka ake ɓoyon cibi? Mutum ya zo ganin ciwo, kai kana shafa masa hoda!"

"Kunya fa, bawana."

"Kunyar ce za ta sauke maka dankali? Wallahi duk wanda ya taɓa mini dutse ɗaya a hanyar nan kafin baƙon ya zo, ni da shi ne."

Aka yi ta cacar baki har rana ta yi ja. A ƙarshe ba wanda ya iya fitowa aiki, domin ba wanda ya san dutsen da za a taɓa in ba shi ba.

Ka tambayi mai sana'a abin da ya fi masa wuya, zai ce maka ya ga ɓarna ya naɗe hannu. Ruwa ya zuba sau uku a kwanakin nan. Ya toshe magudanai, ya kwashe taki bakwai a wurin da hanya ta fi matsewa, ya bar laka mai santsi kamar sabulu. Kullum da safe Mai Guduma sai ya sauka ba guduma, ya tsaya ya ƙura wa wurin ido, hannayensa cikin aljihu kamar an ɗaure su, ya yi tsaki ya dawo. Abinci ma ya daina shiga.

A rana ta takwas matar Auta ta zame a daidai wurin da buhu a kanta. Allah ya sa jikin dutse ta faɗa, amma hannunta na dama ya karye. Aka kawo ta gida, maɗori ya ja hannun tana ihu, ya ɗaure da karare. Mata suka cika tsakar gida, kuma ba a sassauta murya ba don kada tsohon ya ji.

"Taurin kan tsufa ke nan."

"Da ya gyara da duk haka ba ta faru ba."

Auta ya wuce ta gabansa sau biyu bai kalle shi ba. Tsohon ya shiga ɗaki ya ɗauko guduma. Yana fitowa surukar ta kira shi daga kan tabarma, fuskarta sharkaf da gumi.

"Baba, ina za ka da ita?"

"In gyara abin da na ɓata, 'yata."

"Ajiye. Tunda hannun ya riga ya karye, kada ya karye a banza. A bari su gani."

Ya ajiye. Ya fita bayan gida ya daɗe a can.

Ranar zuwa, mai gari da dattawa, har da Mai Guduma, suka sauka tun da sassafe, suna dafa juna, har gindin dutse. Wajen hantsi motar ta iso. Wani saurayin injiniya ya fito, fes da shi, takalmi yana ƙyalli. Direba ya sauke wani akwatin ƙarfe na kayan awo ya ajiye a ƙasa. Injiniya ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya dubi agogonsa, ya dubi takalminsa. Sai ya shimfiɗa takarda kan motar ya zare biro.

"Ranka ya daɗe, ina da garuruwa uku yau. Ba sai na hau ba, ku ne masu wurin. Yaya hanyar take?"

Mai gari, wanda rigarsa duk laka ce har gwiwa, wanda aka riƙo hannunsa sau huɗu kafin ya iso, ya buɗe baki ya ce, "Lafiya lau, yallaɓai. Mun gode Allah, muna maneji."

Ba da gangan ya faɗa ba. Haka bakinsa ya saba tun yana yaro, ba a yi wa baƙo kuka. Dattawa ma suka gyaɗa kai. Biro ya fara tafiya.

Mai Guduma ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙeya. Bai yi zagi ba, zagin ya yi masa kaɗan. Sai ya taka ya je ya durƙusa, ya ce, "Sannu da zuwa, yallaɓai. A garinmu baƙo ba ya ɗaukar kaya." Ya ciccibi akwatin awon ya aza a ka, ya juya ya kama hanya.

"Kai! Baba! Ina za ka da shi? Kayan hukuma ne!"

"Sama, yallaɓai. A can za ka same shi."

Direba ya bi shi da gudu, taki ashirin ya zauna yana haki. Injiniya ya dubi mai gari, mai gari ya dubi sama. Ba yadda injiniya ya iya, ya naɗe ƙafar wando ya bi.

Ba jaki, ba laima, ba mai riƙe hannu. Tsohon yana gaba da akwati a ka, in ya ga ya yi nisa sai ya tsaya har saurayin ya kusa cim masa, sannan ya ƙara gaba. Kuma bakinsa bai huta ba. "Nan ne jakin maƙeri ya gangara da gishiri. Nan wata ta haihu a tsaye, ɗan bai zo da rai ba. Taka a hankali, yallaɓai, ai ba gaggawa." A wurin da taki bakwai suka tafi, injiniya ya bi da rarrafe, cikinsa a laka, takalmi ɗaya ya suɓuce ya tafi can ƙasa, ba a ko ji faɗuwarsa ba. Sa'a biyar suka yi.

A tsakar gidan Mai Guduma aka ba injiniya ruwa ya sha. Ya ga matar Auta da hannu a ɗaure, ya ga tarin kabeji. Ya zauna ya cika shafi uku, ya karanta musu da bakinsa, kuma gaskiya ya rubuta. Da zai tafi ya ce, "Baba, ni rubutu ne nawa. Jerin garuruwan da za a yi wa titi ba a hannuna yake ba."

Wata biyu aka yi kafin amsa ta zo. Malamin makaranta ya karanta a ƙofar mai gari: an sa garin cikin jerin masu buƙatar titi, na arba'in da ɗaya cikin arba'in da uku, za a yi in hali ya samu. Mai gari ya ce ai an ci gaba, a da ko a jerin ba sa ciki. Wasu har suka yi tafi. Auta ya tashi ya tafi gida ya fara kwance gado.

Duk wata biyun nan Mai Guduma bai taɓa hanyar ba, ko za a sake turo mai dubawa. Yanzu sai ya yi kwana shida a wurin da hanya ta matse, shi kaɗai, ya hana kowa taya shi. Ana jin dukan gudumarsa tun daga cikin gari, kamar mai dukan wanda ya ci masa amana. Ya mayar da takin bakwai, ya ƙara biyu, domin ƙaramar jikarsa ƙafarta gajera ce. A rana ta bakwai ya ɗauki gadon ɗansa a ka ya shige gaba, su suna biye har gindin dutse, inda motar kaya ke jira.

Da aka gama lodi surukar ta matso, hannunta har yanzu bai gama miƙewa ba. "Baba, don Allah ka shiga mu tafi. Akwai ɗaki. Me ya rage maka a can?"

"Gida hamsin da tara," in ji shi. "Su da me za su sauko, fiffike?"

Auta ya miƙa masa hannu, tsohon ya karɓa bai dube shi ba. Ya shafa kan yaran ɗaya bayan ɗaya, ya daka wa direba tsawa ya tafi a hankali. Bai jira motar ta tashi ba, ya juya ya fara hawa, yana zagin hukuma da mai gari da kansa, a jere.