Ranar da Na Hana Jirgi Sauka

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na hana jirgi sauka a filinmu ba. Ku da kuka shigo aiki daga baya ba ku tarar da filin ba. Yanzu gonakin gero ne a wurin, da 'yan gidaje, can bayan garin Gumel. A da kuwa doguwar shimfiɗa ce ta jar marmara, an jera duwatsu masu farar ƙasa a gefe da gefe, an kewaye ta da shingen ƙaya.

A filin na tashi. Mahaifina lebura ne a can, ni nake kai masa fura da rana, in zauna a gindin aduwa ina kallonsu suna cike ramukan gafiya. Da ƙarfinsa ya ƙare aka ɗauke ni a gurbinsa. Zuwa farkon shekarun alif ɗari tara da saba'in na zama helima, wato shugaban leburori, da mutum uku a ƙarƙashina.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ƙananan jirage ne ke zuwa, wani lokaci a yi wata biyu ba a ga ko ɗaya ba. In jirgi zai zo, takarda ke riga shi zuwa daga ofishin ayyuka da kwana ɗaya. Sai mu jeru mu taka filin daga wannan kai zuwa wancan, mu tsince duwatsu, mu kori dabba, mu hura wuta da ɗanyen ganye don matuƙi ya ga inda iska ta dosa. Muna kuma da fararen ƙyallaye biyu dogaye. In fili bai gyaru ba, helima zai gicciya su a tsakiya. Matuƙin da ya ga wannan alama ba zai sauka ba, ko wa ya ɗauko. Doka ta farko kuwa, wadda ake karanta wa kowane sabon ma'aikaci, ita ce ba a kiwo a cikin shinge.

Sai ga shekarar farin nan. Damina biyu ta ƙi, rijiyoyi suka ja baya, daji ya zama fako. Daga Damagaram makiyaya suka riƙa gangarowa ta Maigatari, hanya duk gawar shanu. A duk karkarar, busasshiyar ciyawar da ta rage ita ce ta cikin shingenmu, saboda ba bakin dabbar da ya taɓa ta.

Wani dattijo Bafulatani, Buba, ya yada zango kusa da mu da ragowar shanunsa goma sha ɗaya. Sau biyu yana roƙona ina hana shi. Zuwa na uku bai yi dogon zance ba. Ya kama hannuna ya kai ni wajen wata saniya da ke tauna tsohuwar tabarmarsa.

Ya ce, "Ɗana, abiyon nan naku yaushe rabon da ya zo?" Haka mutanen ƙetaren iyaka ke kiran jirgi.

Na ce, "Baffa, ya fi wata."

"To ciyawar, shi zai ci?"

Na sake duban saniyar. Na ce ya riƙa shigo da su ta kusurwar arewa da hantsi, ya fitar kafin la'asar, ranar da na sami takarda kuma in gaya masa. Ban sanar da kowa a ofis ba. Muka yi kwana tara a haka lafiya.

Rana ta goma ta faɗo Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Babu takarda, don haka na bar leburori biyu suka tafi neman tsaba, saura ni da Ɗanjuma. Wajen azahar sai ga Landiroba a guje. Malam Sabo, jami'in ayyuka da ke samana, ya diro tun ba ta gama tsayawa ba.

"Idi, hura wuta! Jirgin likita na tafe, bai fi rabin awa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu sami takarda ba."

"Wace takarda? Ta rediyon oba-oba aka kira shi. Leƙa bayan mota."

Na leƙa. Malam Habu ne, shugaban masu haƙar rijiya, kwance a kan katifa, ƙirjinsa naɗe da bandeji. Kowa ya san shi. Shi ya haƙa rijiyar unguwarmu. Rijiya ce ta rufta da shi a wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar, yana ƙasa yana ƙara mata zurfi. Likitan gari ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai Kano, kuma ƙashin bayansa ba zai jure girgizar hanya ba.

Malam Sabo ya juya ya dubi fili. Shanun Buba sun baro kusurwa, uku daga ciki suna kwance a tsakiyar marmara.

"Wa ya shigo da su?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Za mu yi wannan maganar. Tashe su."

Wanda bai ga saniyar fari ba ba zai gane ba. In ta kwanta ba ta iya tashi da kanta, ko an doke ta sai dai ta bi ka da ido. Muka zura sanda ta ƙarƙashin cikin ta farko, ni da Ɗanjuma, Buba ya kama wutsiya, direban motar ya kama ƙaho. Da ƙyar ta miƙe tana rawar ƙafa. Ta biyu muka ɗaga ta sau uku tana zubewa.

Malam Sabo ya ce a ja su da mota. Dole sai an sauko da Malam Habu tukuna. Muka ɗauko shi da katifar zuwa gindin aduwa. Ƙarar da ya yi lokacin da katifar ta lanƙwashe, har yau tana cikin kunnena. Aka ɗaura igiya a ƙahon saniya, mota ta ja ta a ƙasa har gefe, fatarta na saɓulewa, Buba na biye yana kiran sunanta. Da aka zo kan ta uku igiya ta tsinke. Muna cikin ƙulla ta muka ji ƙugin jirgi.

Ya zo ƙasa-ƙasa don ya duba fili, kamar yadda suka saba. Ƙarar ta firgita sauran shanun, suka watsu, wasu suka hau marmara. Na ruga rumfa na ɗauko ƙyallaye.

Malam Sabo ya sha gabana. "Kada ka shimfiɗa! Akwai wuri ta kudu, zai iya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bai kai rabin fili ba. In ya bugi saniya, da matuƙi da likita da duk wanda ke ciki sun tafi."

"Mutum na mutuwa a gabanka, Idi!"

Na zagaye shi na gicciya ƙyallayen, na danne su da duwatsu. Bai hana ni ba. Jirgin ya yi ta kewaya mu har sau huɗu muna kora, muna ja, muna ihu. A na biyar ya miƙe ya nufi yamma. Daga baya aka ce man da ya rage masa na komawa ne kawai. Ba a fi minti goma da ɓacewarsa ba fili ya zama fes.

Na je gindin aduwa. Malam Habu ya buɗe ido ya ce, "Ya tafi ko?"

Na ce, "Ya tafi, Malam. Laifina ne."

Ya daɗe yana neman numfashi, sannan ya ce, "Ba ni ruwa."

Na ba shi. Malam Sabo ya ce jirgin ba zai samu dawowa ba sai gobe, Malam Habu kuwa ba zai kai goben ba. Aka mai da shi mota suka kama hanyar Kano a hankali. Ba su kai Gujungu ba ya cika. Ya bar mata da 'ya'ya biyar. Rijiyar da ta rufta da shi ba wanda ya yarda ya sake shiga, mutanen ƙauyen suka tashi.

Aka ba ni takardar tuhuma, na amsa da gaskiya. Aka sauke ni daga helima na koma lebura. Malam Sabo ne ya hana a kore ni. Ya rubuta cewa shigo da shanu laifina ne, shimfiɗa alama kuma daidai ne. Buba ya yanka shanun nan biyu a wurin, ya kaɗa sauran ya yi kudu da yammacin ranar, ba mu yi sallama ba. Na je gaisuwar mutuwa. Yayan marigayin ya karɓi hannuna, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, bai ɗago ya dube ni ba.

Bayan mako guda umarni ya zo a ƙone duk ciyawar da ke cikin shinge. Ni aka miƙa wa ashana. Makiyaya wajen ashirin suka tsaya a bayan ƙaya da shanunsu suna kallon wutar.

Na ƙara shekara goma sha ɗaya a filin kafin a rufe shi, kuma ban sake barin ko akuya ta shiga ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a irin aikinmu ba don ranar da aka sanar da kai ake tsare wuri ba, don ranar da ba a sanar da kai ba ne. Wanda ke roƙonka yana gabanka, kana ganin idonsa. Wanda dokar ke karewa ba ka san shi ba tukuna, wataƙila yana can cikin rijiya yana haƙa. Amma kada wani ya ce muku riƙe dokar yana sa barci mai daɗi. Na kori makiyaya da yawa bayan Buba, kuma na san abin da ya sami shanunsu.