Bencin Baba Saura-Ɗaya

Kafin mai shayi ya hura wuta, Baba Saura-Ɗaya ya riga ya iso tasha. Haka na san shi tun ina amarya har na goya jikoki. Zai jawo bencinsa daga bayan rumfar mai faci, ya kakkaɓe shi da hula, ya ajiye a gindin motar da ke kan layi. Sai ya kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi, ya tofar, ya ɗora hannu a kunne kamar ladani, ya kira sunan garinmu. Yau ba shi da bencin, ba shi da izinin shiga tashar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ni da ban yi nisa a makaranta ba.

Ɗan kamasho ne. Na san abin da ake faɗa a kan 'yan kamasho, ba kuma duka ne ƙarya ba. Shi ma sunan nan direbobi ne suka laƙaba masa, don ko babu kowa a mota sai kaza a ƙarƙashin kujera, "saura ɗaya" zai ce. In fasinja ya leƙa ya yi ƙorafi, sai ya ce, "To ai kai ne ɗayan. Shiga mu gani." Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne a layin. Abin da ban gani da idona ba, daga bakinsa na ji.

Garinmu suna biyu gare shi. Akwai wanda iyayenmu mata ke faɗa. Akwai kuma wanda baƙin da suka taɓa mulkin ƙasar suka kafa a allon bakin hanya. Harshensu ya kasa juya namu, suka datse shi, suka tafi suka bar mu da guntun. Guntun ne a makaranta, shi ne a asibiti, shi ne a jikin motoci. 'Ya'yanmu suka tashi suna jin kunyar na gida, kamar yaron da uwarsa ta zo masa makaranta da tsohon zani.

Baba bai taɓa kiran na allon ba. Ba siyasa yake yi ba, bai ma san ta ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Wanda ya iya karatu, allo ya ishe shi. Ni tsofaffi nake kira."

Mai faci yana nan da ransa, ku tambaye shi labarin tsohuwar da ta zo jinya birni ta rabu da masu rakiyarta. Ta zagaya tasha tana faɗin sunan garinmu na gida, samarin da ke lodi suna dariya, suna ce mata babu gari mai wannan suna. Ta gaji ta zauna a gindin famfo tana share ido da bakin gyale. Can sai muryar Baba ta tashi. Tsohuwa ta miƙe da ƙullinta, ta bi muryar nan kamar ɗan akuyar da ya ji kukan uwarsa.

"Ɗana, ashe garin yana nan," ta ce.

"Yana nan, Inna, ba inda ya je. Kawo kayan. Saura ɗaya."

Shugaban tasha bai so haka ba. Wata rana ya kira shi a gaban direbobi.

"Dattijo, sunan da ke jikin mota za ka riƙa kira. Nan ba ƙauye ba ne."

"Ranka ya daɗe, bakina ya tsufa, ba ya ɗaukar sabon karatu."

"To ƙafarka fa? Ta iya hanyar ƙofa?"

Aka kori Baba. Damina guda ya yi a waje yana tura baro a kasuwa, da furfurarsa. Sai da direbobi suka ga tsofaffi na zuwa suna dube-dube suna komawa, suka taru suka sa baki aka maido shi. Ya dawo da ciwon baya, tsayuwa ta gagare shi. Maigidana ya samo katakon bodin wata tsohuwar mota, ya zauna a tsakar gidanmu yana buga ƙusa, ina yi masa tsiya wai ya bar tuƙi ya koma kafinta. Ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, Baba yakan sa mata ɗan dutse. Bencin ke nan.

Bara maigidana ya rasu a asibitin birni. Na zo tasha neman motar da za ta kai shi gida, ban san ma me nake faɗa ba. Baba ya dube ni, ya gane. Bai ɗaga murya ba. Ya bi fasinjojin motar da ke kan layi ɗaya bayan ɗaya yana yi musu magana a hankali, duka suka sauko, ba wanda ya yi gardama. Da aka shigar da gawar, Baba ya sa kai ta taga, ya ɗora hannu a kunne, ya faɗi sunan garinmu ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa jariri raɗa. Sannan ya ce wa maigidana, "Direba, yau ba saura. Ta cika. Allah ya kai ka lafiya." Ban yi kuka a asibiti ba. A nan na yi.

Ban daɗe da fita takaba ba aka sanar a rediyo cewa hukuma ta maido wa garuruwa sunayensu na asali, har da namu. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, na kuma ji zafin cewa maigidana bai ji da kunnensa ba. Aka yi wa tasha fenti, aka kafa rumfuna da kujeru, aka yaye ƙyalle daga sabon allo. Shugaban tasha, shi ɗin dai, ya tashi cikin babbar riga ya ce shekara da shekaru yana gwagwarmayar kare sunan kakanni. Aka tafa, aka ba shi lambar yabo.

A makon ne aka sallami 'yan kamasho. Wai tasha ta waye, yanzu tikiti ake saya a taga, lasifika ke kiran gari. Ranar bikin Baba a bayan ƙofa ya tsaya tare da masu baro, mai gadin sabo ne, bai san shi ba. Lasifikar kuwa da aka rasa inda za a ɗora ta, sai aka jawo bencin.

Tana can a kansa har yau. Tana faɗin sunan garinmu daga safe zuwa yamma, ba ta gajiya, ba ta kurkure maƙogwaro. Amma ba ta ganin tsohuwar da ta ruɗe, ba ta karɓar ƙulli, ba ta san fuskar wadda aka yi wa mutuwa ba.

Baba yana zaune a kan bulo a jikin katanga ta waje. Muryar ta dushe. Tsofaffi har yanzu wurinsa suke nufa, ya ɗauki kayansu zuwa ƙofa, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ya nuna musu mota da hannu. Na je na gaishe shi.

"Baba, ka ji an maido sunan."

"Na ji, 'yata. Ni ban san ya tafi ba."

"Ba ka jin haushi?"

"Haushi sai mai ƙarfi. Bencin dai nake so. Hannun mijinki ne."

Na shiga wurin shugaban na roƙa. Bai ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce, "Hajiya, kayan tasha ne."

Baba, kai ne ka riƙe mana sunan a bakinka lokacin da riƙe shi kora yake jawowa, ba lambar yabo ba. Kai ne allon marasa karatu. Kai ne ka raka mijina gida da sunan da uwarsa ta koya masa. Ba ni da rumfa, ba ni da lasifika, ba ni da abin da zan rataya maka a wuya. Na gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar baya.

Ku kuma da kuke karanta wannan, ku yi koyi da shi: abin da kuka san naku ne, ku faɗe shi tun ba a fara tafi ba. In hanya ta biyo da ku tashar, ku tsaya a jikin katanga ku gaishe shi. Wanda kuma yake da bakin da shugaban ke ji, ya faɗa masa ba mu neman allon, ba mu neman lambar. Ya riƙe su. A sauke lasifikar a ƙasa, a miƙo wa tsohon nan bencinsa ta ƙofa. Ɗan dutsen yana aljihunsa, na gani.