Littafin da Lucius Tarver Ya Hana

Shekara arba'in da ɗaya Lucius Tarver ya yi yana aski a shago ɗaya, kusa da tsohon gidan gurzar auduga, a ɗan garinmu na jihar Mississippi ta Amurka. Kusan duk namijin da ya tashi a unguwar, kansa ya bi ta hannunsa. Dattijo ne a coci, shi ke ɗaga waƙa ran Lahadi ba tare da ya duba takarda ba, kuma in gardama ta kaure a shagon kan wata aya, shi zai kawo ta da ka har da babinta. Mutane sukan ce ai Baba Lucius ya shanye Littafi Mai Tsarki. Kusan ba wanda ya san cewa bayan haddar nan ba shi da wata hanyar isa gare shi.

Yana aji uku aka cire shi daga makaranta ya shiga gonar auduga, bai kuma koma ba. Ya san siffar sunansa, ya san lambobi, ya san alamun kan titi. Sauran duk matarsa Earline ce ta ɗauke masa. Ita ke buɗe wasiƙu, ita ke duba takardar magani, a gaban jama'a kuma takan miƙa hannu ta ce ya kawo, idonsa ba shi da kyau. A shago yakan ajiye jarida kan benci, ya ce wa mai jiran layi ya karanta da ƙarfi tunda shi hannunsa yana kan aiki. Da Earline ta rasu sai ya koma cewa ya manto tabarau a gida.

Shekara biyu da rasuwarta, wata Asabar cikin Janairu, Malama Renita Odom mai koyar da 'yan aji huɗu ta shigo shagon. Ta ce makaranta ta kafa kwamitin mutum biyar da zai zaɓi littattafan da yara za su karanta a Fabrairu, watan tarihin baƙar fata, tare da wasu kan ƙauna da kyautatawa, kuma ana son dattijo ɗaya daga cikin gari. Lucius ya so ya zille, amma shagon a cike yake, mazan da ke kan benci duk suka ce in ba shi ba wa kuma. Ta bar masa littafi uku a jakar takarda, ta ce ran Alhamis kowa zai faɗi ra'ayinsa kan waɗanda aka ba shi.

Ya kai su gida ya baje kan teburin kicin, inda Earline ta saba zama. Biyu masu zane ne kala-kala: wata tsohuwa da jikarta suna rabon abinci, wani yaro ya tsinci kare. Waɗannan ya gane su daga hotuna. Na ukun siriri ne, rubutu ya cika shi, hotunansa baƙi da fari. Ya ga tantuna a cikin taɓo, ya ga gida ƙonanne, ya ga mutum da ɗaurin rauni a ka. Ya san wannan hunturun. Yana ɗan shekara tara lokacin da masu gonaki suka kori duk wanda ya je ya yi rajistar zaɓe, iyalai uku-uku suka riƙa kwana a tanti ɗaya. Ya rufe littafin da sauri, ya ɗora kwanon burodin masara a kansa.

Ran Alhamis da yamma aka zauna a ajin Malama Renita, kan 'yan kujerun yara. Da aka zo kansa ya yabi biyun nan da kyau. Na ukun kuwa ya tura shi tsakiyar tebur, ya ce ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe, bai dace da yara ba, akwai maganganu a ciki da bai kamata a ce an rubuta su ba.

Malama Renita ta dube shi ta ce, "Baba, littafin Malama Velma Gaines ne fa."

Velma Gaines tsohuwar malamar makaranta ce, sa'arsa. Shekarun baya ta yi ta yawo gida-gida da na'urar ɗaukar magana tana tambayar tsofaffi, shi kuwa ya yi ta kauce mata saboda takan zo da takardar da ake sa hannu. Ya so ya ja da baya, amma bakinsa ya riga ya tafi.

"Na sani," in ji shi. "Ko na wane ne."

Sai ɗaya daga cikin iyayen yara da ke kwamitin ta ce a hankali, to in dai ɗan Hattie Tarver da kansa ya ce bai yarda ba, su ba su da ta cewa. Kowa ya gyaɗa kai. Aka cire littafin daga jerin. Lucius ya fito yana ta juya maganar, bai gane abin da ya kawo sunan mahaifiyarsa cikin zancen ba, kuma ba shi da wanda zai tambaya.

Ran Talata da hantsi, shago ba kowa, Velma ta turo ƙofa da sandarta. Ta zauna kan kujerar aski ba tare da an ce ta zauna ba, ta ce ta ji an ce rubutunta ya ɓata wa wani babban malami rai, shi ne ta zo a yi mata gyara. Ta ciro littafin daga jaka ta miƙa masa.

"Nuna min wurin, ɗan'uwa Lucius."

Ya fara laluben aljihu wai yana neman tabarau.

"Suna kan hancinka," ta ce.

Ya tsaya riƙe da littafin. Ta bar shi ya tsaya har sai da injin ɗumama ɗaki ya kashe kansa ya sake tashi. Sannan ta ce benci ɗaya suka zauna a aji biyu, ita ke raɗa masa amsa, kuma ta ga yadda Earline ta yi shekara arba'in tana karɓe takarda daga hannunsa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ba kuma za ta faɗa ba. Amma rashin karatu daban, ƙarya daban, kuma yanzu rabin gari na cewa ta ci mutuncin marigayiya mahaifiyarsa.

Ta karɓi littafin ta buɗe babi na biyar ta karanta masa. Labarin Hattie Tarver ne, wadda ta wanke tukunyar da take dafa wanki ta mai da ita ta abinci, ta ciyar da tanti goma sha ɗaya da wake da ganye har hunturu ya fita. Akwai ranar da matar wani mai gadin gona, ɗaya daga cikin waɗanda suka kore su, ta zo da jariri mai zazzaɓi, Hattie ta ba ta wuri kusa da wuta. Lucius ya tuna matar, har jan mayafinta. Velma ta juyo masa shafin, ya ga siffar sunan gidansu sau shida. Da ya daure ya duba, da ya gane shi.

Ya ɗauki tsintsiya ya shiga share ƙasan da ba gashi ko ɗaya. Velma ta ajiye littafin kusa da almakashinsa ta fita.

Kwana biyu yana buɗe shago yana rufewa kamar wanda aka aika. Ran Juma'a bayan an tashi yara ya je makarantar, ya sami Malama Renita tana goge allo. Ya cire hula ya ce mata bai karanta littafin nan ba. Ta yi saurin cewa ba komai Baba, ta san aiki ya yi masa yawa, kwana biyar ma ai sun yi kaɗan. Ga ƙofa ta buɗe masa, kuma ya kusa bi ta nan ya fice.

"Ba aiki ba ne, 'yata," ya ce, idonsa kan takalminsa. "Ban iya ba ne."

Ta ajiye abin goge allon. Ba ta yi masa jaje ba, wannan kuwa ya gode mata a ransa. Ta ce jerin ya riga ya tafi ofishin gunduma, bana ba za a iya canza shi ba. Abin da za ta iya shi ne ta kawo nata kwafin ta riƙa karanta wa yara da bakinta. Ta tambaye shi me za ta gaya wa sauran 'yan kwamitin. Ya ce ta gaya musu ya yi ƙarya, Velma ba ta da laifi. Sauran kuma, zancen rashin karatun, ta bar masa.

Haka ta yi. Mutane suka yi ta mamaki na ɗan lokaci, wasu suka ce tsufa ne. Lucius ya janye daga kwamitin, ya yi sati uku bai ɗaga waƙa a coci ba, ya ce mura ce. Velma ba ta amsa gaisuwarsa ba sai wajen bikin Ista. Littafinta ya shiga jerin shekarar da ta biyo baya, hannu biyar cikin biyar, wani dattijon ne zaune a kujerar da ya bari.