Farin Layi a Jikin Ƙofar Mota

Shekara talatin da huɗu yayana ya yi yana buga jikin mota, ni kuma ina bin bayansa da fenti. Mai Guduma ake ce masa. Kunnensa na hagu ya daɗe da yin murabus, kafaɗarsa kuwa sai an lallashe ta da man zafi kafin ta yarda ta fito aiki. Mun gaji, mu duka biyun, ba ma dai faɗa ne.

Dogayen fitilu shida ne a rufin garejinmu, irin farare na da, masu kuka kamar sauro. Biyu sun mutu, ɗaya sai an zungure ta da sanda take kamawa, sauran kuma ƙifta ido suke yi yini guda. Na tsane su. Shi ko a jikinsa, domin da su yake aiki. In ya gama buga ƙofa, sai ya shafe ta da jiƙaƙƙen tsumma, ya rusuna ya dubi hoton doguwar fitilar a jikin ƙarfen. In farin layin ya tafi sak, aiki ya yi. In ya karkace, to akwai sauran lotsawa a wurin.

Wata rana babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta leƙo mu. Ko minti goma ba ta yi ba ta dafe kai.

"Haba Baba! A wannan duhun kuke wuni? Baffa, kai ma ka zuba ido?"

Ranar hutunmu ta karɓi makulli a hannuna, ta kawo mai gyaran wuta. Ya kwance tsofaffin, ya ɗaura sababbi na LED, masu faɗi kamar faranti. Da muka buɗe washegari, har ƙusar da ta ɓace mini bara na gani a lungu. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Yaya ya jiƙa tsumma, ya shafa, ya rusuna. Babu layi, sai fararen ɗigo shida. 

Cikin wata guda motoci uku suka dawo. Na ukun wani direban tasi ne mai baki kamar reza.

"Mai Guduma, ƙofa na kawo maka, ba kwanon rufi ba. Dubi yadda take hawa da sauka!"

Mutumin da ba a taɓa mayar masa da aiki ba ya tsaya yana ba da haƙuri. Abin ya ci mini rai. Ya ce mini fitilun ne suka ɗauke masa layinsa, amma kada in kuskura in gaya wa yarinyar, alheri ta yi. Ni dai bakina ba ya riƙe magana. Na gaya mata.

Ba ta yi fushi ba. Ta sake turo mai gyaran wutan, ya ɗaura mana dogaye guda biyu, su ma na LED, daidai saman inda Yaya ke tsayawa. Ba kuka, ba ƙiftawa.

Yaya ya sake buga ƙofar tasin tun safe har azahar. Ya shafa tsumma, ya rusuna. Layin ya fito fes. Daga inda nake tsaye da gwangwanin fenti ina ganin inda ya karkace, ƙasa da marikin ƙofar, karkacewar da ko mai wucewa zai gani. Yaya ya daɗe yana kallo. Ya matsa gaba, ya ja baya, ya murza ido.

"Ya tafi sak ko?" ya ce.

Tunda muke bai taɓa tambayata ba. Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Sai kawai na kama hannunsa na ɗora a wurin. Yatsunsa suka bi ƙarfen a hankali, suka tsaya.

Ya zauna a kan taya, gudumar a cinyarsa.

"Ashe ba fitilar ba ce," ya ce.

Ya ɗago ya dube ni.

"In yarinyar nan ta bugo waya, ka ce mata wuta ta yi kyau. Wannan karon ka riƙe bakinka, don Allah."